Gidan da ke da 'yan haya a ciki, yaya ake sayar da shi?

Ka tambaye ni a kan gidan nan na Rijiyar Zaki da aka ba mu mu nemo masa mai saye. Ɗaki da falo ne guda huɗu, kowanne da iyali a ciki, mai gidan kuma ya ce kada 'yan haya su ji sai an gama ciniki, sannan a ba su wata guda su kwashe kayansu. Kana so ka san ko haka ake yi. To ɗana, ba haka ake yi ba, kuma ba da hannunmu za a yi ba.

Ciniki ba ya kashe haya. Mutumin da ya biya kuɗin shekara a watan Janairu ya sayi zaman gidan nan har Disamba. Mai gida ya riga ya karɓi kuɗin wannan zama ya kashe, ba shi da ikon ya sake sayar wa wani wannan zaman. Mafi yawan malaman fiƙihu, har da namu na Malikiyya, sun halatta a sayar da gidan da ke cikin haya, amma hayar tana nan daram har wa'adinta ya cika, kuma idan an ɓoye wa mai saye, yana da damar ya fasa. Dokar ƙasa ma haka ta tafi: sabon mai gida yana gadon 'yan haya tare da sharuɗɗan da suka shiga a kai.

Wata guda ɗin da ya ambata kuwa, daga ina ya samo shi? A yawancin jihohin Najeriya, in babu rubutacciyar yarjejeniya da ta faɗi wani abu daban, mai biya wata-wata notis ɗin wata 1 ake ba shi, mai biya duk wata uku a ba shi wata 3, mai biyan shekara kuma wata 6. In wa'adin ya cika bai tashi ba, a ba shi takardar kwana 7, daga nan sai kotu. Alƙali ne kaɗai ke fitar da mutum. Masu cire ƙofa, ko yaye kwanon rufi, ko yanke wa mutane wuta don su gaji su tashi, kansu suke jefawa cikin shari'a, kuma dillalin da ya tsaya a cinikin sai an kira sunansa.

Saboda haka kafin ka kai kowa ƙofar gidan, ka zauna da mai gida ya fito maka da rasit na kowane ɗan haya: yaushe ya biya, nawa ya biya, yaushe kuɗinsa zai ƙare, akwai kuɗin ajiya a hannunsa ko babu. Ka duba bashin KEDCO, kamfanin rarraba wutar lantarki, da ke kan mitar, don shi ne ya fi haddasa rigima bayan an watse. Sai lissafi. Idan hayar ɗaki naira 600,000 ce a shekara, saura wata 5 ta ƙare, to naira 250,000 na mai saye ne, ko a cire daga kuɗin gida ko a miƙa masa a hannu, a kuma rubuta a takardar ciniki.

Labarin sayarwa kuma daga bakin mai gida ya kamata su fara ji, ba a majalisar unguwa ba. Ka ba shi shawara ya fara yi musu tayi. Ba dole ba ne a kansa, amma sau da yawa a cikinsu ko cikin danginsu ake samun mai saye, kuma ko ba su saya ba, sun san an mutunta su.

Wurin da na fi so ka kiyaye shi ne ranar kai mai saye ya duba. Gidan na mai gida ne a takarda, amma sirrin da ke ciki na mazauna ne. Allah ya ce a Suratun Nur, aya ta 27, kada mu shiga gidajen da ba namu ba sai mun nemi izini mun yi sallama. Ka sanar da su tun ana gobe za ku je, ka zaɓi lokacin da mazan gidan suke nan, kamar bayan la'asar. Ka tsaya a soro ka yi sallama, ka aika yaro ya faɗa, ka jira mata su sa hijabi su kwashe shanyar da ke tsakar gida. Kada ka ɗaga labulen ɗakin kowa da hannunka. Kada ka ɗauki hoton gadon mutane da kwanukansu ka watsa a WhatsApp da sunan talla. Hoton waje da tsakar gida ya isa. Kuma ka tara masu dubawa rana ɗaya a mako, ba kullum a hana mace girki ba. Ɗan hayan da aka wulaƙanta, da kalma biyu zai rusa maka cinikin da ka yi wata kana ginawa, ya ja mai saye gefe ya ce masa rufin yana yoyo, damina ba a barci.

Masu saye iri biyu ne. Akwai mai neman inda zai ajiye kuɗinsa, wannan gida da 'yan haya masu biya a kan kari shi yake so, shi za ka fara nema. Akwai kuma mai son ya tare da iyalinsa. Wannan ka faɗa masa gaskiyar ranar da gidan zai zama fanko tun kafin ya ba da kafin alƙalami. In yana gaggawa, a nemi sulhu da 'yan haya: a mayar musu da ragowar kuɗinsu, a ƙara musu na mota da la'adar sabon gida, a sa rana, a rubuta a gaban mai unguwa da shaidu. Wani kaso na kuɗin gidan kuma ya tsaya a hannun lauya har a miƙa makullai.

Sauran ka san su. A bincika takardun a KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye a Jihar Kano, a nemi amincewar gwamna kamar yadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanada, sannan tsohon mai gida ya kai sabon ya gabatar da shi ga 'yan haya ido da ido, da takarda mai nuna wanda za su riƙa biya daga yanzu.

Gobe da safe za mu je wurin mai gidan tare, ka ji yadda zan faɗa masa. In ya yarda, mu ci gaba da aiki. In ya dage sai an ɓoye, mu mayar masa da takardunsa ya nemi wani dillalin.