Folere, wato zoɓo, yana ƙara jini kuwa?

Tambaya: Salam likita, daga Marwa nake. Wata 3 kenan da haihuwata amma har yanzu jiri nake ji, ko ruwa na ɗebo sai zuciyata ta dinga fat-fat. A asibiti an ce jinina 9 ne, Inna kuma ta ce in dage da shan folere tunda ja ne. Gaskiya ne?

Amsa: Wa'alaikissalam 'yar uwa, Allah ya raya jariri. A gaida Inna, amma jan folere launin fure ne kawai, ba shi ke komawa jini ba.

Kinga babban mutum yana da jini wajen lita 5, kuma in muka juya shi a na'ura cikin kwalba rabuwa yake, sama ruwa-ruwa ne mai kalar fatsi-fatsi, shi ne plasma, ya ɗan fi rabi. Ƙasa kuma jajayen ƙwayoyi, tsakaninsu wani siririn layi na fararen ƙwayoyi masu yaƙar cuta da masu daskarar da jini in an yanke. Su jajayen a ɓargon ƙashi ake ƙera su, kwana kamar 120 suke yi su mutu a sake wasu, a cikinsu akwai himoglobin mai ɗaukar iskar oksijin, kuma sai da sinadarin ƙarfe yake samuwa. Wannan 9 ɗin himoglobin ɗin aka auna, alhali na mace bai kamata ya gaza 12 ba.

To fat-fat ɗin fa? Zuciya ce ke tura jini huhu ya ɗauko iska, ya dawo ta sake harba shi duk jiki. In 'yan dako, wato jajayen ƙwayoyin nan, sun yi kaɗan kaya kuma na nan yadda yake, ai dole a ƙara sawu, shi yasa take sauri.

Ki riƙa cin hanta, nama, kifi, wake da zogale, ki haɗa da lemun tsami ko mangwaro, suna taimakawa ƙarfen ya shiga jiki. Shayi kuwa, na san halinmu da shi, amma kar ki kora abinci da shi, hana ƙarfen shiga jiki yake, ki bari a yi awa 1 ko 2. Ƙwayar ƙarin jini in an rubuta miki ki yi watanni kina sha, ko kin ga bayan gida ya yi baƙi ba komai. A duba miki zazzaɓin sauro ma don yana fasa jajayen ƙwayoyi.

In numfashi ya fara yi miki wuya kina zaune, ko har yanzu jini na zuba, kar ki kwana gida.