Hilux ta wuce kilomita 300,000: a canza man giya ko a bar shi?

Malam, ka ce motarka mai giyar otomatik ce, kana dakon hatsi tsakanin Gombe da Kumo, kuma makanike ya ce in aka taɓa man giyar za ta lalace.

Maganarsa tana da tushe, amma bai ƙarasa ta ba. Fara duba man tukuna: ɗiga shi a farin ƙyalle. In ya yi baƙi ƙirin, yana ƙauri, da ɓurɓushin ƙarfe, to faifan kuloci sun riga sun cinye. Dattin ne ke riƙe su, sabon mai zai tona ɓarnar ne kawai. Wannan sai gyara.

In kuwa ja ne da ya soma duhu, canza shi, don zafin Gombe da nauyin kaya suna saurin ƙona mai. Amma kada ka yarda a tura shi da inji. A kwance ƙasan giyar man ya tsiyaye, wajen kashi ɗaya cikin uku ne zai fito, a wanke farantin ƙasan giyar da maganaɗisunsa, a sa sabuwar filta. Bayan 'yan makonni a maimaita.

Ka sa irin man giyar da littafin motar ya ambata, kamar T-IV ko WS na Toyota, kada a gauraya. Don Allah ka guji na jarka a bakin titi.