Ku Tambaya Mu Amsa: Kai Yara Fadamar Gishiri, Da Amfani Ko Wahala Ce Kawai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Makarantar su yarona ce suka aiko da takarda wai za su kai su wata cibiyar kula da namun daji a fadamar gishiri ta bakin teku, suka ce a sa hannu. Na tambaya aka ce min wajen taɓo ne zalla ga wari ga sauro. Shekararsa tara. Don Allah me zai ƙaru da shi a can, kuma babu haɗari? (Daga wata uwa)

Amsa: Wa alaikumussalam Hajiya. Ki sa hannu, kuma in sun ce ana neman iyayen da za su raka su to ki bi su. Wanda ya ce miki akwai taɓo da wari bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa miki labarin ba ne.

Fadamar gishiri fili ne shimfiɗaɗɗe a gaɓar teku, a inda igiya ba ta da ƙarfi sosai, ruwan teku ya shigo ya rufe shi sannan ya janye, a yawancin gaɓoɓi sau biyu a rana, tsakanin cika da janyewa wajen awa 6. To kin ga duk abin da zai rayu a nan dole ya iya da abu biyu, gishiri da nutsewa, kuma nan ne karatun yake. Akwai wata doguwar ciyawa da masana ke kira Spartina, tana shan ruwan gishirin ta fitar da gishirin ta jikin ganyenta, in malamin wajen ya ce yaro ya shafa ganyen zai ji ƙwayoyin gishiri a yatsarsa, ya gani da idonsa. Wallahi yaron da ya taɓa wannan ba sai an sake yi masa dogon bayanin yadda tsiro ke sabawa da muhallinsa ba.

Warin kuwa irin na ruɓaɓɓen ƙwai ne, kuma ba ƙazanta ba ce. Taɓon ba iska a cikinsa, ƙwayoyin bakteriya da ke cin matacciyar ciyawa a ciki su ke fitar da iskar mai sinadarin salfa, in aka tono taɓon ma za ki ga ƙasansa baƙi ƙirin. Wannan ruɓaɓɓiyar ciyawar ita ce abincin jatan lande da dodon koɗi da ƙananan kifaye, su kuma zalɓe da sauran tsuntsaye su ci su. Kifaye da dama da masunta ke kamawa a cikin teku a ƙoramun irin wannan fadamar suka yi ƙuruciyarsu.

Batun haɗari, akwai shi amma sananne ne. Ruwa yana dawowa da sauri fiye da yadda mutum ke zato, taɓo kuma yana riƙe ƙafa, shi ya sa cibiyoyin ke yin gadar katako a bi ta kai, ba a sauka sai inda ma'aikaci ya nuna. Ki sa masa dogon wando da tsohon takalmi rufaffe wanda ba za ki ji haushi in ya lalace ba, kada silifas, ɓawon kawa, wata halittar ruwa mai ƙoƙo, yana yanka. Hula, gorar ruwa, man sauro, da kayan canji a leda. In ya dawo ki duba bayan gwiwarsa da wuyansa da cikin gashinsa saboda kaska.

Tambaya: Malam ni malamin firamare ne, muna kusa da irin wannan cibiya, amma duk zuwan da muke yi yara hoto kawai suke ɗauka a dawo. Ya zan yi ya zama karatu?

Amsa: Abokin aiki, abu na farko kafin ka zaɓi rana ka duba jadawalin cikar teku, ba kalandar makaranta kaɗai ba. Lokacin yana matsawa gaba da kamar minti 50 kowace rana, don haka in yau ƙarfe tara ruwa ya janye, jibi ba ƙarfe tara ba ne. Ku isa awa ɗaya ko biyu kafin ruwa ya gama janyewa. Yawancin masu cewa ba su ga komai ba lokacin da ruwa ya rufe komai suka je.

Na biyu, ka rage magana. Ka zaunar da su bakin gadar ka ce minti biyar ba motsi ba surutu, su zuba ido kan taɓon. Da farko ramuka kawai za su gani, can sai ƙananan ƙaguwa su fara leƙowa ɗaya bayan ɗaya har wajen ya cika, namijin hannunsa ɗaya ƙato ne, nauyinsa kan kai rabin na jikinsa, yana ta ɗaga shi yana kiran mace, macen kuwa hannayenta biyu ƙanana tana ta ɗiban laka tana kaiwa baki. Da wani yaro ya miƙe tsaye duk sai su ɓace. Daga nan tambayoyi za su fito da kansu, me ya sa hannu ɗaya, da wane yake cin abinci, ina suke shiga in ruwa ya zo, kai dai kada ka yi saurin ba su amsa.

Ka kafa sanda a bakin ruwa da kuka iso, ku dawo bayan rabin awa su auna nisan da ruwan ya matsa da rula. Ka ba kowane rukuni igiya su kewaye fili taku ɗaya su ƙirga ramukan da ke ciki, wasu kusa da ruwa wasu can sama, su gwada lissafinsu su yi gardama a kai. Cibiyoyi da yawa suna jan koma a ruwa marar zurfi tare da yara, a zuba abin da aka kamo a bokiti a duba a mayar, ka tambaya tun kafin ku je don sai da ma'aikacinsu ake yi. Kuma a ganina zuwa biyu wuri ɗaya, ɗaya da sanyi ɗaya da zafi, ya fi zuwa wurare biyar sau ɗai-ɗai, don a zuwa na biyu ne yaro zai ce Malam ina tsuntsayen nan suka tafi, shi ke nan ka samu ƙofar koyar da ƙaurar tsuntsaye. A tekun Wadden da ya ratsa gaɓar Holan da Jamus da Denmak, wanda UNESCO ta sa ɓangarensa na Holan da Jamus cikin wuraren gadon duniya a 2009, na Denmak kuma a 2014, tsuntsaye miliyan 10 zuwa 12 ke yada zango duk shekara. A gaɓar Delaware ta Amurka kuwa a watan Mayu da Yuni wata halitta mai ƙoƙon baya da ake kira ƙaguwar kofaton doki take fitowa ta zuba ƙwai, wani ɗan tsuntsu da ya taso tun daga ƙarshen Kudancin Amurka ya tsaya ya ci ƙwan ya yi ƙiba kafin ya ƙarasa can ƙuryar arewa inda yake sheƙa. Ka buɗe musu taswira su bi hanyar da yatsa.

Tambaya: Yallaɓai ƙanwata ta tsinci ɗan kunkurun ruwa a wajen, tana so mu kawo shi gida mu raina. Laifi ne?

Amsa: Ɗana ku mayar da shi daidai inda kuka ɗauke shi, ko ku miƙa wa ma'aikatan. Irin wannan kunkurun, ruwan da ya saba da shi surkin na gishiri da na daɗi ne, a roba a gida wahala zai sha, kuma a wurare da yawa doka ta hana ɗauka. Dama suna cikin matsi, matan kan hau titi neman wajen ƙwai mota ta take su. Cibiyar Wetlands Institute da ke jihar Niyu Jazi ta Amurka, wadda aka kafa a 1969, har ƙwai suke cirowa daga cikin waɗanda mota ta kashe su ƙyanƙyashe su, su raini 'ya'yan su sake su. In ƙanwarka son dabbar take da gaske, ka tambayar mata ko cibiyarku na ɗaukar 'yan sa kai.

Tambaya: Ni fa ban ga dalilin kashe kuɗi a kan fadama ba, a cike ta a yi gidaje mana.

Amsa: Ɗan'uwa an daɗe ana yin hakan, kuma an ga sakamakonsa. Ciyawar nan tana karya ƙarfin igiya kafin ta iso gari, saiwarta tana riƙe ƙasa, taɓon yana binne sinadarin kabon, wanda ke ƙara ɗumamar yanayi in ya shiga iska, shekara da shekaru. Bayan guguwar Sandy ta 2012 masu bincike sun ƙiyasta cewa dausayin gaɓar arewa maso gabashin Amurka ya rage asarar dukiya ta kusan dala miliyan 625. A Ingila yanzu ma mayar da irin wannan fadamar ake yi, a tsibirin Wallasea ƙasa sama da tan miliyan 3 da aka haƙo daga ramin jirgin ƙasa na Landan aka kai, a 2015 aka fasa katangar teku da gangan don ruwa ya sake shiga. Tun ranar 2 ga Fabrairun 1971 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar kare dausayi a garin Ramsar na Iran, shi ya sa 2 ga Fabrairu ta zama ranar dausayi ta duniya, kuma cibiyoyi da dama kan shirya zagaye a ranar. Ka je ɗaya, ka nemi a sa ka a kwalekwale in suna yi, a nan kam lokacin da ruwa ya cika ake shiga don ƙoramun su ɗauki jirgi, ka ɗaura rigar kariya ko da ka iya iyo, sannan ka sake rubuto mana.