An ce gishirin jinin Mama ya yi ƙasa, in ba ta ruwan gishiri?

Tambaya: Likita, mahaifiyata mai shekara 68 tana shan maganin hawan jini. Kwanan nan ta fara ruɗewa, ga tashin zuciya, har ta faɗi a banɗaki. Gwaji ya nuna sodiyam ɗinta, wato gishirin jini, 124 ne. Maƙwabta sun ce in jiƙa mata gishiri, mai kemis kuma ya ce zai zo gida ya ɗaura mata ruwa. Hankalina a tashe yake.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Ki kai ta asibiti yau. Ma'aunin lafiya tsakanin 135 ne da 145, kuma 124 tare da ruɗewa ba abin jinya a gida ba ne. Ki tafi da kwalayen magungunanta duka. Abin da na fara zargi shi ne maganin sa fitsari irin su hydrochlorothiazide, wanda ke cikin maganin hawan jini mai suna Moduretic, domin yana yawan jawo wa tsofaffin mata wannan matsala. Za a kuma duba sukarinta, ƙoda, zuciya, hanta da sodiyam ɗin fitsari.

Maganar jiƙa gishiri kuwa, wallahi ta ishe ni. Mutane na jin "gishiri ya yi ƙasa" sai su rarumi kwanon gishiri. Sau da yawa ruwa ne ya yi yawa a jiki ya tsarma jinin. Mai ciwon zuciya da ƙafafunsa suka kumbura, in ka danna yatsa ya bar rami, gishiri ƙara masa kumburi zai yi, numfashi ya gagara. Ko kun manta 2014, lokacin Ebola, da jita-jitar shan ruwan gishiri ta kwantar da mutane a asibiti, wasu har suka rasu?

Mai kemis ɗin ya fi ba ni tsoro. In ledar ruwan sukari ya rataya a ƙusar bango, sodiyam ƙara faɗuwa zai yi, ƙwaƙwalwa ta kumbura, jijjiga ta biyo baya. In kuma aka ɗaga shi da gaggawa, jijiyoyin ƙwaƙwalwa kan lalace. Bayan 'yan kwanaki magana ta sarƙe, haɗiya ta gagara, jiki ya shanye. Shi ya sa ba ma bari ya hau fiye da 8 zuwa 10 cikin awa 24, muna maimaita gwaji a kai a kai. Wane kemis ne ke da injin yin wannan?

In ta fara jijjiga ko barci ya danne ta a hanya, ki kwantar da ita ta gefe, kada ki ɗura mata komai a baki.