Nisan Kano zuwa Jidda a jirgin sama

Malam, ka tambayi nisan Kano zuwa Jidda da kuma awa nawa jirgi ke yi. A miƙe, kilomita kusan 3,400 ne. Jirgin da ya tashi kai tsaye bai ya da zango ba yakan yi awa huɗu da rabi zuwa biyar.

Sai dai kada ka ɗora lissafinka a kan wannan kaɗai. Miƙaƙƙiyar hanyar ta kan Chadi da Sudan take bi, kuma da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazai suka riƙa zagaye, tafiyar ta ƙaru sosai. Sannan lokacin saukar da ke jikin tikiti na Saudiyya ne, sun fi mu da awa biyu, nan mutane ke yawan rikicewa.