Tambaya da Amsa: Me ya sa ake ji da albam ɗin farko na ƙungiyar mawaƙan Ramones?

Tambaya: Salam Malam, don Allah ina yawan jin masu son kiɗan punk (wani nau'in kiɗan rock mai sauri da ƙara) suna zuzuta albam ɗin farko na Ramones, na saurara naji waƙoƙin duk kusan iri ɗaya ne ga gajarta, wai meye abin burgewa a ciki?

Amsa: Wa alaikassalam ɗan'uwa. Ai wannan gajartar da kake ƙorafi a kai ita ce sirrin. Albam ɗin ya fito ne a watan Afrilun 1976 a New York, waƙa 14 amma duka-duka minti 29 ne, kuma kuɗin da aka kashe a situdiyo kusan dala 6,400 ne kawai, a lokacin da manyan mawaƙan rock ke shafe watanni suna naɗar waƙa guda mai tsawon minti goma ana ta jan jita ba ƙarewa. Su kuwa samari huɗu ne daga yankin Queens na New York da suka goge a wani kulob ɗin kiɗa mai suna CBGB, ɗaya daga cikinsu Dee Dee ya ƙirga ɗaya biyu uku huɗu sai kawai a afka, Johnny yana dukan igiyoyin jitarsa daga sama zuwa ƙasa ba hutu, kafin ka gyara zama waƙa ta ƙare.

Kasuwa kam bai yi ba, lamba 111 ya tsaya a jadawalin Billboard na albam ɗin da suka fi kasuwa a Amurka, sai a 2014 ya kai matsayin zinare, wato shaidar an sayar da kwafi dubu 500. Amma da suka je Landan a Yulin 1976 matasan Ingila suka ga ashe ba sai ka ƙware sosai zaka kafa ƙungiya ba, ni wannan ne yafi taɓa ni wallahi. Ka sake saurare da ƙara sosai, ka bi gangar Tommy.