Amsar Kawu kan ɗaura bayanai da allo

Ɗana, saƙonka ya iso, da fatan kana lafiya. Ka ce manyanka a wurin aiki sun hana ka zuba lamba kai tsaye cikin TextBlock, gurbin da ke nuna rubutu a allo, sai dai ka ɗaura ta, wato ka haɗa gurbin da inda lambar take ya riƙa ɗaukar sauyinta da kansa, ba su kuma faɗi dalili ba. Ka bi maganarsu, amma manhajar da ke nuna ƙarfin baturan sola 40 ba ta daina sanƙarewa ba, shi ne kake tambaya ko al'adar nan mun-gada ce kawai.

Tana da tushe. Tun fitowar WPF, tsarin gina fuskar manhajar Windows da kake aiki da shi, daga Microsoft a 2006 aka raba aikin gida biyu. Ɓangaren manhajar da ke riƙe da bayani ba ruwansa da allo, nasa ya yi shela ta PropertyChanged idan wani abu ya sauya, allo ya ji ya zo ya ɗauka. Ba za ka ga amfanin ba sai ranar da aka ce a nuna lambar nan a wuri uku, ko a gwada lissafi ba tare da an buɗe taga ba. Sannan manhaja na iya tafiyar da layukan aiki da yawa a lokaci guda, kowanne ana ce masa zare, amma zare ɗaya tak ke da ikon taɓa abin da ke kan allo. Ka taɓa TextBlock daga zaren da ke karanta na'ura, kuskuren InvalidOperationException ne zai tarbe ka.

Inda ka yi tuntuɓe daban ne, kuma a nan manyanka sun yi maka rowar bayani. Ka ce kowane batir na aiko da awo sau 50 a daƙiƙa. Shela 2,000 ke nan duk daƙiƙa, dukansu a kan zaren da shi ne kuma zai amsa linzami da maɓalli. Yawancin allo sau 60 yake sabunta hoto a daƙiƙa, lambar da ke rawa sau goma ma ba mai iya karanta ta. Kana ɗura ruwa ne a tulun da ya cika.

Ga yadda ake yi. Zaren da ke karantawa ya ajiye awon ƙarshe na kowane batir a jeri guda, a ƙarƙashin lock, makullin da ke hana zare biyu taɓa shi a lokaci guda, ba tare da shela ba. Ka kafa DispatcherTimer, agogon da ke bugawa a zaren allo, na milisakan 250, wato bugu huɗu a daƙiƙa. Duk bugu ya kwafi jerin ya miƙa wa abin da aka ɗaura. Kafin shela ka taƙaita lambar zuwa gurbi biyu ka gwada da ta baya: 12.6031 da 12.6034 duk 12.60 ne, a wuce su shiru. Daga 2,000 ka dawo 160, galibi ma ƙasa da haka.

Sai dai kula, tsakanin bugu biyu batir na iya faɗuwa ya tashi allo bai gani ba. Don haka ƙararrawa da rubuta tarihi a zaren karatu za su zauna. In ana son gani, riƙe mafi ƙanƙanta da mafi girma na kowane zango ka nuna su a gefe.

Jerin baturan kuma, ka gina layuka 40 sau ɗaya. Kada ka riƙa share ObservableCollection, jerin da ke riƙe da layukan, kana sake cikawa, don allo zai rushe layukan ya sake gina su, wanda mutum ya zaɓa ya ɓace masa. Shi ObservableCollection shigowa da fitar layi yake sanarwa, sauyin da ke cikin layi sai layin ya yi shelar kansa. Ka kuma tsayar da faɗin gurbin lamba, in ba haka ba daga 9.98 zuwa 10.02 sai an sake auna layin.

Idan gurbi ya fito fayau ba kuskure ba ƙara, yawanci suna ne aka rubuta ba daidai ba. WPF ba ya tsayawa kan wannan, a tagar Output ta Visual Studio, wurin da kake rubuta manhajar, yake rubuta ƙorafinsa, can za ka fara dubawa. A ɓangaren C# kuwa yi amfani da nameof, wanda ke ɗauko maka sunan da kansa, kada ka rubuta sunan da hannu.